Haruffan ɗ da ƙ sun ƙi fitowa a Word a sabuwar kwamfutata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka mini.

Na sayi sabuwar laftof a kasuwar Banex da ke Wuse 2 a Abuja, Windows 11 ce a kanta. Aikina buga takardun Hausa ne, wasiƙu da takardun makarantar Islamiyya, don haka abin da na fara yi shi ne ƙara kibod ɗin Hausa ta wajen saitin harshe. Ina danna maɓallin Windows da na tazara in sauya, alamar Hausa ta fito a ƙasan allo.

A Notepad komai lafiya lau. In na riƙe Alt na dama na danna d, sai ɗ ta fito, haka ƙ da ɓ da ƴ. Amma da na shiga Word sai abin ya rikice. Ina danna Alt da d, maimakon harafin sai wata ƙaramar lamba ta maƙale a saman kalmar, kibiyar rubutu kuma ta tsallake can ƙarshen takarda. Na k kuwa sai ya hargitsa tsarin sakin layi. Zargina Word na ɗaukar Alt na dama a matsayin Ctrl da Alt, ya bi nasa gajerun umarnin.

Yanzu kwafo haruffan nake daga Notepad ɗaya bayan ɗaya, kuma takarda mai shafi 20 ba ta buguwa haka. Rubuta su ba ƙugiya kuwa ba zan yi ba, yara ne za su karanta.

A ina ake kashe waɗannan umarnin a Word? Ko Keyman, manhajar nan ta kibod ɗin harsuna, ya fi dacewa in saka? Allah Ya saka da alheri.