Neman kalma: ƙusar da ake murɗawa

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara darasi kan ƙananan gyare-gyare, irin na keke da tabarau da kwamfuta, ranar Alhamis zan miƙa. Wani sashe ya tsaya mini a wuya. Shawara yake bayarwa mutum ya riƙa tara rarar "screws" da danginsu a ɗan gwangwani, kada a jingine abu mai lafiya don guda ɗaya ya faɗi ya ɓata. Na rubuta ƙusa, sai na goge. Ƙusa da guduma ake buga ta, wannan kuwa murɗa shi ake yi, kuma ba na so mai karatu ya nufi tabarau da guduma. Kalma uku nake nema: ta abin kansa, ta dangin gaba ɗaya, sai ta waɗanda ake ajiyewa.

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malama. Sukuru. Ai ga sukundireba nan a bakin kowa. Wanda ake kamawa da sufana kuwa noti muke cewa, namiji da mace. Namijin shi ne dogon, macen ita ce zoben da ake ɗaura masa. Ɗan faifan da ake sakawa tsakani, washa.

Ɗaliba: Na ajiya kuwa, me zai hana "na ko-ta-kwana"? Safaya ta fi kama da taya.

Mai Fassara: Madalla, ƙanwata. Na ɗauka.

Malamin Nahawu: Sukuru, noti, washa, sufana. Ina Hausar take? Turanci ne aka sa wa hula. Harshen da yake da murɗa da ɗaura da matsa bai rasa abin ƙira ba. Ni na daɗe ina cewa murɗau, a tsarin mantau da makarau. Yaro ma ya ji ya san murɗawa ake yi.

Ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, mantau ai shi ne mai mantawar. Ashe murɗau zai zama mai murɗawa, wato sukundireba ke nan.

Malamin Nahawu: To tafasau fa, da soyau? Su ake tafasawa, su ake soyawa. Tsarin yana ɗaukar duka biyun.

Bakanike: Malam, da girmanka, shekara da shekaru ina kwance inji ban taɓa jin wanda ya ce a miƙo masa murɗau ba. Noti kuwa har cikin zance ya shiga. In aka ce notin kan wane ya kwance, wa yake neman fassara?

Malamin Nahawu: Abin da ke damuna ke nan. Mun saba da aro har muna jin kunyar ƙirar kanmu. Wanda ya yi boko gani yake kalmar da ta fito daga Ingila ta fi daraja.

Bakanike: Ni ban yi bokon ba, Malam. Kuma littafi da alƙalami da kake aiki da su daga Larabci suka zo, ban ji ka kore su ba.

Mai Gyaran Kwamfuta: Ku bari mu taimaki Malama. Ni abin da na fi so ta samo wa suna shi ne layin nan da ya naɗe jikin sukuru, don a nan ɓarna take. A cikin kwamfutar tebur akwai iri biyu masu kama da juna: M3 na awon milimita, da 6-32 na awon inci irin na Amurka. Kwanaki aka kawo mini wata, an tura 6-32 a ramin M3 da ƙarfi. Da na kwance, garin ƙarfe ne ya zubo mini a tafin hannu, ramin ya zama sumul, ba abin da zai sake kamawa. Lambar da ke bayan M kaurin sukurun ce a milimita. M3 tsakanin layi da layi rabin milimita ne, M6 milimita 1, kuma sufana mai lamba 10 ce ke kama kan notin M6 ɗin. Duk mai gwangwanin ajiya ya raba su, ya rubuta lamba a jikin kowane ƙulli.

Bakanike: Haƙora. In ya lalace mu ce haƙoran sun cinye.

Ɗaliba: Zare fa? Ai shi "thread" na Turancin yake nufi.

Mai Gyaran Kwamfuta: Zare zai kai hankalin mutum wurin tela. Haƙora sun fi, tunda kamawa suke yi.

Malamin Nahawu: Wannan kam Hausa ce, ban ja ba. Dangin gaba ɗaya kuma ku ce maɗaurai, in ba shi ma za ku aro ba.

Mai Fassara: Na gode muku duka. Ga abin da zan rubuta: sukuru, noti namiji da mace, washa, haƙora, na ko-ta-kwana. Maɗaurai ina ɗan jin sa kamar igiya, amma ban sami wanda ya fi shi ba, zan sa shi a kan sashen. Malam, murɗau zai fito sau ɗaya, inda na fara bayanin sukuru.

Malamin Nahawu: Sau ɗaya ya yi kaɗan. Amma ki sa shi gaba, sukuru ya biyo baya.

Mai Fassara: Zan duba, Malam. Saura kan sukuru mai tsaga ɗaya da mai tsaga biyu a gicciye. Wa ke da suna kafin Laraba da dare?