Kwarjinin Ado ne, ko na lema da kakaki?

Ɗan Sabon Titi: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi abin da ba za ku so ba. Kwarjinin nan da iyayenmu suke ta ba mu labari wai sun gani a fuskar marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, ni na ce na kayan sarauta ne kawai. A ɗauko kowa a naɗa masa rawani mai kunne biyu, a ɗora shi a kan doki, a juya masa lema, a busa kakaki, 'yan bindiga su saki wuta, wallahi sai gabanku ya faɗi. Wanda ya musa ya kawo hujja.

Baba na Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Yaro, ka taɓa ganinsa kuwa?

Ɗan Sabon Titi: A bidiyo, Baba. Ina firamare ya rasu a 2014.

Baba na Ƙofar Mata: To ba ka gan shi ba. Mu da gidanmu yake kusa da filin Idi, duk Sallah a bakin hanya muke jiran dawowarsa. Ƙurar dawakai da warin albarushi su cika maka hanci, hakimai su yi ta wucewa da tawagarsu, kowa da adonsa, wasu ma sun fi shi kwalliya. Ba wanda ya yi shiru dominsu. Amma da lemarsa ta ɓullo sai ka ji hayaniya ta sauya. Tsakanin rawani da amawali idanu kaɗai ake gani. Ya ɗaga tagwayen masu a hankali, ya juyo da kai ɓangarenku, kowa a layin ya rantse shi aka kalla. Mata su rangaɗa guɗa, dogarai suna "Sarki ya gaishe ku". Na ga ƙato mai gemu yana jinjina yana hawaye.

Ɗan Sabon Titi: Allah ya ƙara girma, Baba, ai hujjata ka kawo. Lema, masu, dogarai. Ina mutumin?

Hajiya Inna: Ɗana, bari in ba ka mutumin. Ni a Makka na gan shi lokacin Umara, da harami a jikinsa, kai ba ko hula, ba mai busa ba mai kirari. Dattijo fari tas yana tafiya a natse da 'yan mutane kaɗan a bayansa. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa har ya wuce.

Malamin Tarihi: Hajiya, a yi mini afuwa, amma kin san ko wane ne kafin ki gan shi. Baturkiyar da ke kusa da ke ita ma ƙafarta ta ƙi ɗaguwa?

Hajiya Inna: Malam, ban tambaye ta ba, ba na jin yarensu.

Malamin Tarihi: Ni dai ina tsakiya, kuma ina ganin an bar babban abu a baya, wato daɗewa. An naɗa shi a Oktoban 1963, ya rasu ranar 6 ga Yuni 2014. Shekara hamsin da ɗoriya. Kaka ya gan shi, uba ya gan shi, jika ya gan shi a kan kafaɗar uban. Gwamnoni na soja da na farar hula suka yi ta zuwa suna tafiya, shi yana nan. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, sarakunan da suka gabace shi suna da 'yan doka da kotu da gidan yari a hannunsu. Shi kansa ya riƙe Wakilin Doka kafin ya tafi jakadanci Senegal. A zamaninsa soja suka karɓe waɗannan duka, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe ragowar. Ƙarfin ya ragu, girman ya ƙaru. Da kaya ne kawai, da mutane sun daina jin komai tun da suka gane ba zai iya ɗaure kowa ba.

Baba na Ƙofar Mata: Yauwa Malam. A tuna masa 1981, da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki takardar tuhuma. Garin nan ya kama da wuta a watan Yuli.

Uwar Biyu: Baba, wannan kam ba abin alfahari ba ne. An ƙona gine-ginen gwamnati, an kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Kuma har yau akwai masu cewa siyasa ce ta hau kan maganar Sarki. In kwarjini garkuwa ne, me ya sa aka buɗe wa motarsa wuta a Janairun 2013, aka kashe direbansa da dogarai?

Baba na Ƙofar Mata: 'Yata, dogaran nan da jikinsu suka kare shi. Albashin nawa ne zai sa mutum ya yi haka?

Bazazzagi: Kanawa da cika baki! Kamar ku kaɗai kuka yi sarki. Shehu Idris ya shekara arba'in da biyar a Zazzau, daga 1975 zuwa 2020. Na gan shi a zaune a fada ana kai gaisuwa, na zube ban san lokacin da na zube ba, ban kuma zo intanet ina damun mutane ba.

Hajiya Inna: Ga shi kuwa ka zo. Ku dai ku ji da ɗan birninku.

Ɗan Sabon Titi: To ga tambaya. Na je hawan Daushe a zamanin Sanusi na biyu, na kuma gani a zamanin Aminu Ado. Na tsaya a Ƙofar Kudu, na ɗaga waya kamar kowa. Ya yi kyau ƙwarai, amma ban ji abin da Baba yake faɗa ba.

Uwar Biyu: Ka rusa maganarka da bakinka ke nan. Lemar tana nan, kakakin yana nan, tagwayen masun suna nan. In su ne kwarjinin, me ya hana ka ji?

Ɗan Sabon Titi: Ko kuma don na ga an cire Sarki Sanusi na biyu a Maris 2020 da takarda ɗaya, an maido shi a Mayun 2024 da wata takardar. Yaya, wa zai yi rawar jiki a gaban abin da gwamna ke bayarwa ya karɓe?

Malamin Tarihi: Wannan ba sabo ba ne. A 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sanusi na ɗaya ya yi murabus, aka kai shi Azare, kuma shi sarki ne mai ƙarfin gaske. Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanni ya rasu, sannan Ado ya hau. Mutanen da suka yi masa jinjina a Sallarsa ta farko sun san sarai ana cire sarki. Bambancin da nake gani shi ne, shi ba a cika jin bakinsa ba. Sai huɗubar Sallah da 'yar nasiha. Ba ka san ra'ayinsa a kan yawancin abubuwa ba, balle ka yi musu da shi. Sarkin da kake jin jawabinsa kullum a wayarka, dole wata rana ka ce bai yi daidai ba.

Uwar Biyu: Malam, wannan kuma wata muhawarar ce. Ni na fi son sarkin da zai buɗe baki ya yi magana a kan auren wuri da almajiranci, ko da kwarjinin zai ragu.

Baba na Ƙofar Mata: An kira Magariba a nan. Yaro, in ka shigo cikin gari ka neme ni, akwai hotunan hawan Nasarawa na da a wurina. Bazazzagi kuma kada ya biyo ka, ba ni da tuwon baƙi.