Yaya kuka koya wa 'ya'yanku tsoron Allah ba tare da kun firgita su ba?

Maman Biyu:
Salama gare ku 'yan'uwa. 'Yata mai shekara 6 ta yi mini ƙarya, cikin fushi na ce mata Allah yana kallonta, kuma wuta ce makomar maƙaryata. Tun ranar ba ta yarda a kashe fitila, ko addu'ar dare muka fara sai kuka. Na san a Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 1:7 ta ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin ilimi, amma abin da na dasa mata firgici ne kawai. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Malamar Makarantar Lahadi:
'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, da yawanmu mun taɓa yin haka. A ajina labarai biyu nake haɗawa, ba na raba su. Na farko Fitowa 3, inda Allah ya kira Musa daga cikin kurmi mai cin wuta, ya ce ya tuɓe takalmansa don wurin mai tsarki ne. Na biyu Markus 10, inda almajirai suka tsawata wa masu kawo yara, Yesu ya ji haushi, ya rungume yaran ya sa musu albarka. Sai in tambaye su, "Allah nawa ne a nan?" Su ce ɗaya. Yaron da ya ji na farko kaɗai yakan gudu. Wanda ya ji na biyu kaɗai kuma yakan ɗauki Allah abokin wasa.

Baban Yara:
Ni ɗana ne ya gyara ni. Kullum da safe muna karatu da addu'a, amma ina da saurin tsawa. Wata rana na zarge shi da abin da bai yi ba. Da gaskiya ta fito, Afisawa 6:4 ta hana ni barci, wurin da aka gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Na kira shi na ce, "Na yi maka laifi, na kuma yi wa Allah, ka yafe mini." Muka durƙusa tare. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ashe kai ma akwai wanda kake tsoro?" Duk shekarun da na yi ina masa wa'azi, wannan bai taɓa shiga kunnensa ba.

Wani Matashi:
A dai yi hattara kada a zubar da horo gaba ɗaya. Eli firist ne, amma bai kwaɓi 'ya'yansa Hofni da Finehas yadda ya kamata ba, mun kuwa san mummunan ƙarshensu a 1 Sama'ila 4. Tsawatawar mahaifiyata ce ta riƙe ni lokacin da na bar gida.

Kaka:
'Yata, ki je ki ba ta haƙuri yau, kada ki bari sai gobe. Bangaskiyar Timoti, abokin aikin manzo Bulus, a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta fara, a gida ke nan. Jikokina ba na zaunar da su don darasi. Muna tafiya, muna aiki, muna shirin kwanciya, maganar Allah tana shigowa, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 6:7 ta umarta.

Maman Biyu:
Na gode muku ƙwarai. Daren jiya na zauna a bakin gadonta na roƙi gafararta. Na ce mata ƙarya zunubi ce, amma Yesu ya mutu domin masu zunubi, har da ni. Ta tambaye ni ko Allah yana ganinta a cikin duhu. Na ce yana gani, yana kuma tsaronta. Fitilar dai ta ce a bar mata tukuna, na bar mata.