Rubutu a kan bidiyo: waye ƙ da ɗ suka taɓa ɓace masa bayan renda (fitar da kammalallen bidiyo daga manhaja)?

Mai tace bidiyon biki, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na gama bidiyon wani ɗaurin aure. A farkonsa na rubuta "Muna maraba da baƙi" da wani salon haruffa mai lanƙwasa da na sauke daga intanet. Tagar dubawa ƙarama ce, ga sauri, ban lura da komai ba. Sai da aka kunna shi a babbar talabijin a gidan amarya na ga ɗan akwati fanko zaune a gurbin ƙ ɗin. Uwar amarya ba ta ce uffan ba, amma wallahi na ji nauyi. Rubutun ya riga ya shige jikin hoton, ba ya gogewa, dole na koma na sake renda da janareta don an ɗauke wuta. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya ba mu labari.

Mai zanen katin gayyata, Kawo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba kwamfutarka ba ce, salon haruffan ne ba a zana masa ƙ ba tun asali. Yawancin masu ado an yi su ne don Turanci. Wata manhajar akwati take nuna maka, wata kuma sai ta aro harafin daga wani salon, ka ga ƙ siririya a tsakiyar haruffa masu kauri. Ta biyun ta fi yaudara, ni sai da na yi ta sau biyu kafin idona ya gane ta.

Don Allah kada wani ya ce a sa k kawai a wuce. Baƙi daban, baki daban. Ƙarya daban, karya daban. Yanzu kafin na taɓa aiki sai na rubuta "ƙanƙara, ɗanɗano, ɓarɓashi", sannan Ƙ, Ɗ, Ɓ manya, domin akwai salon da ke da ƙananan amma babu manyan. Noto Sans na Google, da Andika da Charis na SIL, duk suna da su, kuma kyauta ne. A waya kuwa manhajar rubutu ta Gboard na da allon Hausa.

Ɗalibi mai ɗaukar tafsiri, Unguwar Sanusi:
Tawa ta Larabci ce, a azumin bara. Na kwafo aya na liƙa a ƙasan bidiyon Malam, sai haruffan suka warwatse, kowanne ya tsaya shi kaɗai, kuma suka taso daga hagu. Allah ya taimake ni na nuna wa wani yayana da ya yi hadda kafin na saki. Kallo ɗaya ya yi ya ce, "Ƙanena, wannan ba aya ba ce, cire ta." Ashe tsohuwar manhajar da nake da ita sai an canza mata injin rubutu zuwa na Gabas ta Tsakiya kafin ta haɗa haruffa. Yanzu a wata manhajar nake tsara ayar da salon Amiri, na gwada ta da Mus'hafi wasali bayan wasali, na fitar da ita a hoton PNG marar bango, sannan na ɗora a kan bidiyon. Yana cin lokaci, amma hankalina a kwance yake.

Mai sayar da atamfa, Unguwar Rimi:
Ni da waya nake yin bidiyon tallata. Na sa farashi da lambata da jan rubutu a can ƙasa. Kwastomomi suka yi ta tambayar kuɗin, ashe jan ya dusashe, lambar kuma maɓallan dandalin sun rufe ta.

Mai tace bidiyon biki, Barnawa:
Hajiya, ja kam haka yake. Tsarin H.264 da yawancin bidiyonmu ke fita da shi yana adana haske dalla-dalla, amma launi yakan rage shi zuwa rabi a tsaye da a kwance. Shi ya sa gefen jan rubutu ke narkewa, balle an sake matse bidiyon wajen turawa. Ki yi fari mai kauri da baƙin zagaye. A bidiyon tsaye na 1080 da 1920 ki hau da rubutun wajen tsakiya, ki bar ƙasa da gefen dama.

Mai fassarar bidiyon wayar da kai, Malali:
Abu biyu na koya da wahala. Fayil ɗin SRT, wato na rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan bidiyo, a adana shi da tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ɗ da ƙ su koma alamar tambaya. Sannan kullum ina fitar da kwafi guda fes, babu rubutu. Wata ƙungiya ta taɓa dawo min da aiki bayan wata uku a gyara suna ɗaya, ni kuwa na goge komai sai wanda aka manna wa rubutu. Daga farko na sake. Idan YouTube ko Facebook za a sa, gara a ɗora SRT daban, gyaransa minti biyu ne.

Mai tace bidiyon biki, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzun nan na gwada jimlar Malam na Kawo a kan salo 14 da nake amfani da su, 5 kaɗai suka fito da haruffan duka. Ina da walimar sauka ranar Asabar, ɗan'uwana na Unguwar Sanusi, zan neme ka ka duba min ayar kafin renda.