Wane injin huda zan saya na aikin gida, katako da bango?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun tare a sabon gida, kuma duk ƙaramin aiki sai an kira kafinta: sandar labule, kantar kicin, maƙalin talabijin. Ina son injin huda guda ɗaya da zai yi mini katako da bango. A Sabon Gari an nuna mini mai waya da mai batir, kowane mai shago nasa yake yabo. Wanda ya taɓa amfani da su ya ba ni shawara.

Wani kafinta daga Kano: Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar kuɗi, duba ko injin yana da makunnin guduma a samansa, wanda ake turawa tsakanin hoton baki (ƙarfen da ke yin hudar) da hoton guduma. In babu shi, na katako da ƙarfe ne kawai. Ni a shago mai batir 18V nake riƙewa, saboda ɗaure sukuru ya fi yawa a aikina, kuma zoben lambobin da ke wuyansa yana sakin ƙarfi kafin sukurun ya nutse ya fasa fuskar katako. A MDF, wato katakon da aka matse daga garin katako, wannan zoben shi ne komai. Madaci kuwa, in ba ka fara huda masa siririn rami ba, kan sukurun zai gutsire ya bar maka sauran a ciki. Kuma kashe gudumar in za ka taɓa katako.

Magini, Kaduna: Oga kafinta ya faɗi nasa, amma bango iri biyu ne, a nan ake rikicewa. Bulo mai rami, inci 6 ko 9, kowane inji mai guduma na wat 600 zuwa 800 zai shige shi. Wani bulon ma da masu bugawa suka yi wa rowar siminti, sai ka kashe gudumar, in ba haka ba ramin ya yi faɗi, fisha, robar da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, ta riƙa rawa a ciki. To amma ina sandar labule take zama? Saman taga, daidai kan lintal, kankare ne da tsakuwa da rodi. Na sha tarar da mai gida ya jiƙe da gumi, ya danna da ƙirji, bakin ya yi baƙi yana hayaƙi, ramin bai kai gaɓar yatsa ba. Wurin nan na injin da ake kira SDS ne, wanda bakinsa ke da tsagi, ana tura shi ya kama ba a ɗaurewa. Dukansa na fistin ne, ba ya son a danna shi. Sai dai ban ce ka saya ba. In ramukan kankaren ba su da yawa, ka nemi mai shi ka biya shi na yini.

Mai gyaran kayan wuta: Abu ɗaya zan ƙara. Masu son tokumbo su karanta lambar jikin inji. Wanda aka yi don Amurka 120V ne, tamu wutar 230V ce. Irinsu ake kawo mini da ƙaurin ƙuna, an jona sau ɗaya kawai. Cajar mai batir ma haka, a duba. Wanda aka rubuta wa 20V Max kuma ƙarfin batirinsa ɗaya ne da na 18V, kada a ƙara maka kuɗi a kan wannan.

Wata Hajiya, Zinder: Ni mai batir 12V nake da shi, don wutarmu ba ta da tabbas, kuma hannuna ba ya ɗaukar mai nauyi. Ya haɗa mini gadon yara da kantoci. Batirin ne ba ya son zafi, a ɗaki nake ajiye shi, ba a mota ba. Tayil ɗin banɗaki kuwa manna tef nake yi a wurin don kada bakin ya zame, a hankali, babu guduma.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To Oga magini, in kuɗin guda ɗaya ne?

Magini, Kaduna: Mai waya, mai guduma, wanda ke iya riƙe bakin huda mai kaurin 13mm, da hannu na gefe. Ƙaramin janareto zai iya jan mai wat 600 in ka kashe sauran kaya. Ragowar kuɗin ka zuba a bakunan huda masu kyau, na bango mai ƙarfen kabaid a tsini, 6mm da 8mm, daidai da girman fishar da za ka sa. Kada ka huda a miƙe sama ko ƙasa da soket, nan waya take bi.

Wani kafinta daga Kano: Ka kuma tambayi mai shago ko ana samun kabon ɗinsa, ɗan gawayin cikin injin da ke cinyewa a canza shi, a kasuwa. In ya fara kame-kame, wuce shagon gaba.