Yaya sabuwar waƙar rock ke kaiwa ga kunnen mai shirin rediyo?

Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, muna kaɗa jita irin rock na Agadez, mun naɗi waƙoƙi 6 a sutudiyo. Wata biyar ke nan muna neman a sa ko ɗaya a rediyo, abin ya ci tura.

Mun kai filashi gidajen rediyo uku. Biyu sun karɓa, shiru kake ji. A na uku, mai shirin ya saurari daƙiƙa talatin, ya kashe, ya ce sai mun ba da na goro. Irin wannan cin hancin ne ya kassara mai shirin rediyo Alan Freed a Amurka wajen 1959, shi ya sa na ƙi bayarwa.

Na aika imel ga gidajen rediyon jami'o'in Amurka 14, tunda irinsu ne suka ɗaga ƙungiyar mawaƙan rock ta R.E.M. a shekarun 1980. Biyar suka dawo saboda nauyin fayil, sauran ba amsa. Da John Peel, mai shirin waƙoƙi na BBC, yana raye, da shi zan tura wa, don yakan saurari kasetin da baƙi suka aiko masa.

Wanda aka taɓa sa waƙarsa ba tare da kamfanin waƙa ba: wa ka aika wa takamaimai a gidan rediyon?