Landan zuwa Paris da Hajiya: jirgin ƙasa ko na sama?

Ummi_Leicester

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina karatu a Leicester, Hajiyarmu kuma za ta zo bikin kammala karatuna a watan Yuli in Allah ya kai mu. Ƙanwarta tana aure a Saint-Denis, gefen Paris, rabon su da juna an daɗe, shi ne nake son in kai ta. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, doguwar tsayuwa a layi na wahalar da ita, ga shi kun san iyayenmu da tsaraba. Na duba tikitin jirgin sama na ga ya fi na Eurostar, jirgin ƙasan da ke zuwa Paris daga Landan, araha nesa ba kusa ba. Sannan da na gaya mata jirgin ƙasan ta ƙarƙashin teku yake bi, sai ta yi tsit, can ta ce a bari a yi shawara tukuna. Don Allah waɗanda suka taɓa bi su ba ni haske.

Baban Sadiq

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ke da kike Leicester ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Jirgin da zai ɗauko ku daga garinku a tashar St Pancras ta Landan yake tsayawa, awa ɗaya da 'yan mintuna, kuma a cikin wannan tashar Eurostar yake tashi. Ko titi ba za ku tsallaka ba.

Kada awa ɗaya da kwata da jirgin sama ke yi ta ruɗe ki. Ki lissafa zuwa filin jirgin, da awa biyun da ake so ki isa kafin tashi, da jiran akwati, da shigowa gari daga filin jirgin Charles de Gaulle na Paris. Jirgin ƙasa awa biyu da kusan minti 20 ne, ya sauke ku a Gare du Nord, tsakiyar Paris. 'Yan sandan Faransa a nan Landan suke duba fasfo kafin a shiga, can kuwa sauka kawai za ku yi ku kama gabanku. Ana rufe ƙofa minti 30 kafin tashi, amma da Hajiya ku je da sauran awa ɗaya da rabi, kuma tun kafin ranar ki nemi kamfanin ya tanadar mata mai taimako saboda gwiwar.

Kaya: kowa akwati biyu manya da jakar hannu, ba a ɗora su a sikeli, sai dai ke za ki ja abinki har cikin tarago. Ruwa da turare ma ba mai ƙwace miki.

Batun teku kuma ki kwantar mata da hankali. Ramin kilomita 50 ne, wajen 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa, an haƙa shi ne a cikin dutsen da ke ƙasan tekun, kuma tun 1994 ake bi. Minti 20 ne na duhu a taga, fitilun ciki a kunne, shi ke nan. Surukata tasbihi take ja, ba ta ma san an shiga ba sai da ta ga gonakin Faransa.

Ɗan Maraɗi a Paris

Gaskiya Baban Sadiq ya faɗa. Ki duba tikitin nan mai araha da kyau, wane fili ne zai sauke ku? Idan kin ga Beauvais, to sunan Paris kawai aka liƙa masa, kilomita 80 da wani abu ne daga gari, sai kun ƙara fiye da awa a bas. Daga Gare du Nord kuwa jirgin ƙasan RER D za ku shiga, kamar minti goma kun isa Saint-Denis. In Hajiya tana son kuɓewa, busasshen kifi ko atamfa, unguwar Château Rouge tasha biyu ce daga Gare du Nord a metro mai lamba 4, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. A tashar dai ki rataya jakarki ta gaba, masu yankan aljihu ba sa hutu a wurin. Agogon nan yana gaba da na Ingila da awa ɗaya, ki gaya wa mai tarbarku lokacin da ke jikin tikiti.

Maman Hanan

Ni fa sai na ɗan taka muku birki. Kuɗin jirgin ƙasan nan hawa yake yi kullum ranar tafiya na matsowa, kuma Yuli lokacin hutu ne. Wanda ya saya da wuri ya ci riba, wanda ya bari sai saura mako ɗaya zai iya biyan ninki biyu ko fiye. Ummi, kafin ma a kai ga tikiti, ina maganar biza? Bizar Ingila ba ta shigar da mai fasfon Nijeriya Faransa, sai da ta Schengen, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ko ta sama ko ta ƙasa. Ke da kike da izinin zama kina iya nema a nan. Hajiya kuwa baƙuwa ce, daga gida ya kamata ta nemi tata tun kafin ta taso, don ana nema ne a ƙasar da mutum yake zaune.

Ummi_Leicester

Innalillahi, Anti, wallahi Allah ne ya kawo ki. Yau zan kira Yaya a Kano ya fara mata shirin takardun. Na gode muku duka, jirgin ƙasan za mu bi. Saura tambaya ɗaya: ta riga ta sa a yi mata kilishi da man shanu na ƙanwar tata, tunda ba a auna kaya za su wuce?

Baban Sadiq

A'a, wannan kam ta haƙura. Tun farkon 2021 an hana matafiyi shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko abin da aka yi da madara, komai ƙanƙantarsa. Kafin nan ma, ita Birtaniyar ba ta yarda a shigo mata da su daga Nijeriya ba. Ta riƙo kuka da yaji da turaren wuta, kilishin a bar wa Yayanku ya ci.